Kafaɗa Mai Zafi

Mansura, Doha
16 ga Satumba, 2006

Yaya Ruƙayyatu,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai tarin yawa, ina fata kina lafiya, ke da Malam Hafizu da yara. Yaya jikin Baba, yaya kuma idon nasa? Ki durƙusa ki gaishe min da shi, ki gaishe da Kawu Ɗanbaba da duk 'yan majalisar gindin tsamiya. Ni lafiyata ƙalau, sai zafin garin nan, wanda in na ce miki na saba da shi na yi ƙarya.

Wannan wasiƙar ki karanta wa Baba ita a hankali, don labarin nasa ne. Kin san inda nake gadi, rukunin gidajen injiniyoyin kamfani. A bayan gidajen akwai fili, kuma idan sanyi ya shigo, duk Juma'a da yamma suna yin wani wasa da ake kira besbol da mutanen wasu rukunan. Ba shi da wuyar ganewa. Mutum ɗaya zai hau ɗan tudu ya jefa ƙwallo mai tauri, girman lemun zaƙi. Can gaba wani ya tsuguna da ƙatuwar safar fata yana jiran ya cafke. A tsakaninsu wani ya tsaya da kulki yana neman ya maka wa ƙwallon. In ya kuskure sau uku ya fita, in ya samu sai guje-guje, wannan kuma ba ruwanmu da shi. Duk wasan a wuyan mai jifa yake.

To, a ƙarshen kakar wasan bara ina tsaye a bakin get, ƙwallo ya tsallako katanga ya faɗo gabana. Suna ta ɗago min hannu wai in kawo. Ni kuwa na ga tafiyar da nisa, ga rana, sai kawai na auna mai safar na saki. Yaya, ko motsa hannunsa bai yi ba ƙwallon ya shige. Sai ga kocinsu, Mista Ramon, wani ɗan Benezuwela mai tumbi, ya taho yana haki yana tambayata a wace ƙungiya na yi wasa. Na ce masa ƙungiyar korar janbaki ta fadamar garinmu, shekara goma sha biyu ina jifan tsuntsu da hoge a gonar shinkafa, kocina kuma Malam Audi. Wallahi sai da ya rubuta sunan Baba a takarda.

Duk watannin zafin nan da ba a wasa, aikinsu ke nan musu a kan wa za a ɗauka, wa za a ajiye. Mai jifansu na da, wani ɗan Filifin mai gyaran wuta da ake kira Rodel, shekara uku yana yi musu, yanzu hannunsa ya gaji, ƙwallonsa tafiyar hawainiya take yi. 'Yan ƙasarsu suka ce a ba shi hutu zai dawo daidai, Mista Ramon ya ce kalas, an gama. Jiya aka liƙa sunaye a allo, babu Rodel, ga Ɗalhatu Audi a layi na farko. An kuma ɗauke ni daga get ɗin rana an mai da ni ɗakin gadi mai na'urar sanyi, Juma'a kuma babu aiki.

Hutuna yana nan a Janairu, shekara biyu cif ke nan. Ki fara tanadin kuka da daddawa.

Ƙanenki,
Ɗalhatu

*

Garin Maje, ta Haɗejia
14 ga Oktoba, 2006

Ɗalhatu,

Wa alaikumus salam. Mun ga wasiƙarka, mun gode Allah da kake lafiya. Muna nan lafiya, muna ta fama da azumi. Malam da yara suna gaishe ka.

Ka jawo min aiki. Sau uku na karanta wa Baba wasiƙar nan a ranar da ta zo, washegari ya sa aka kai shi gindin tsamiya, ya sa ni na aika da ita aka sake karantawa a gaban kowa. Wurin da ka ce Baturen ya rubuta sunansa, dariya ya yi har da tari. Yanzu Kawu Ɗanbaba ya zama malamin besbol. Da sandarsa yake zana filin a ƙasa yana nuna wa mutane inda kake tsayawa, shi da ko hoton wasan bai taɓa gani ba. Wanda duk ya yi masa gyara sai ya ce, "Kai ɗanka ne a Doha?"

Amma Baba ba a nan hankalinsa ya tsaya ba. Ya ce in tambaye ka, shi Rodel ɗin nan yana ina yanzu, kuma wa ya duba masa hannun? Kawu ya ce ina ruwanmu da shi, an cire gajiyayye an sa namu, haka duniya take. Baba ya ce, "Ɗanbaba, wanda ya ajiye wancan don hannunsa ya gaji, shi ne yake riƙe da nawa." Suka yi ta yi har aka kira la'asar.

Ya ce in tuna maka dokarsa ta fadama, ko ka manta. Duk yamma in kun sauko daga kan rumfa sai ya ɗora tafin hannunsa a kafaɗarka. In ya ji sanyi, gobe ka yi jifa. In ya ji zafi, gobe ba ka taɓa hoge, sai dai ka zauna ka kaɗa gwangwani, tsuntsu ya ji ƙara ya tashi. Na tuna yadda kake kumbura fuska a ranakun gwangwani, kana cewa aikin mata ne, ni kuwa ina gefe ina yi maka gwalo. Ya ce a can wa yake taɓa maka kafaɗa?

Maganar jikinsa kuwa, ba zan ɓoye maka ba. Idon ya tafi gaba ɗaya, ko hasken ƙofa ba ya gani. Ƙafafunsa suna kumbura, likita a Haɗejia ya ce zuciya ce, ya hana shi azumi da gishiri, kuma duka biyun sai da muka yi rigima. A zaune yake salla. Na dawo da shi ɗakin zauren gidanmu don in riƙa jin motsinsa. Kullum sai ya tambaye ni yau nawa ga wata, ya lissafa abin da ya rage zuwa Janairu. Ba tsaraba yake jira ba. Ya ce shi dai ya ɗora hannu a kafaɗar nan ya ji da kansa, daga nan duk abin da Allah ya yi daidai ne.

Kuka da daddawa suna nan. Matar aure ce dai har yanzu ba ka ce a tanada ba.

Yayarka,
Ruƙayyatu

*

Mansura, Doha
10 ga Disamba, 2006

Yaya Ruƙayyatu,

Gaisuwa da fatan alheri. Ina fata an yi salla lafiya, jikin Baba kuma da sauƙi. Ni ina lafiya. Ki ce wa Kawu Ɗanbaba na naɗa shi mataimakin koci, reshen Garin Maje.

Mun yi wasa biyar, mun ci huɗu. A nan ƙirga jifa ake yi, akwai wanda aikinsa ke nan, yana zaune a benci da 'yar na'ura irin carbin nan na dannawa. Wasan farko na yi jifa casa'in da shida, na uku ɗari da goma, na jiya-jiyan nan ɗari da ashirin da huɗu. Duk sanda na haura ɗari sai 'yan kallo su rabu biyu. 'Yan Filifin su yi ta ihu a cire shi, a cire shi, za ku kashe masa hannu. Mista Ramon ya juya ya ce musu a ƙasarsu namiji shi yake gama wasan da ya fara. Sai ya dube ni ya ce, "Yalla, Dalhatu?" Wato mu ci gaba? Ni kuma in ce yalla.

Ana babban wasan ƙasashen Asiya a garin nan, har ruwan sama aka yi kamar a gida. Mista Ramon ya kwashe mu zuwa Rayyan muka kalli ƙwararru, 'yan Japan da Koriya da Taiwan. Abin da na lura, su masu jifansu sun kai goma. Mutum yana fara laushi za a sauke shi, a naɗe masa kafaɗa da ƙanƙara, wani ya hau. Mu kuwa ni kaɗai ne.

Ki gaya wa Baba Rodel yana can sansanin kamfani a cikin hamada, ban sake ganinsa ba. Mai taɓa min kafaɗa kuwa akwai shi, Fatawu, wani direba ɗan Kumasi da muke ɗaki ɗaya. Duk Juma'a shi yake ɗaura min ƙanƙara a leda yana mita, yana kirana "Masa", wato maigida a bakinsu: "Masa, hannun nan naka ne ko na kamfani ne?" Gaskiya kafaɗar tana zafi. Asabar da Lahadi da hagu nake ɗaga butar shayi, zuwa Talata sai ta saki.

Yanzu ga maganar da nake ta kewaye-kewaye. Mista Ramon ya roƙe ni in ɗaga hutuna zuwa Afrilu, idan an gama kakar wasa, don rabonsu da kofi shekara shida. Ba tilasta ni ya yi ba, roƙo ne, amma kin san roƙon mutumin da manajan da ke sa hannu a takardar izinin fitarka daga ƙasar abokinsa ne. Kuma ba zan ɗora masa duka ba, Yaya. Shekara biyu ina buɗe wa mutanen nan get, ba wanda ya san sunana, sai dai su ɗaga yatsa ɗaya daga cikin mota. Yanzu matansu da 'ya'yansu suna tsaye suna kiran Dal-ha-tu, Dal-ha-tu. Ina jin daɗin abin, ba zan yi miki ƙarya ba. Na amsa masa.

Wata uku ne kawai. Ki lallaɓa min Baba, ki ce da kofi zan zo in ɗora masa a cinya.

Ƙanenki,
Ɗalhatu

*

Garin Maje
8 ga Janairu, 2007

Ɗalhatu,

Muna lafiya, an yi Babbar Salla lafiya. Iyakar gaisuwar da za ka samu ke nan yau, don raina a ɓace yake.

Wasiƙarka ta zo bayan salla da kwana biyu. Kafin nan Baba ya sa na share ɗakinka, an sayi sabuwar tabarma, ya hana a raba cinyar ragon, wai a soya a ajiye maka. Da na zo wurin Afrilu sai na ji kamar in tsallake, amma ka san shi, in na yi shiru na daƙiƙa ɗaya sai ya ce, "Karanta abin da ke wurin." Na karanta. Can ya ce a raba wa yara naman.

A majalisa an kwana uku ana musu a kanka. Kawu Ɗanbaba yana bayan Ramon ɗinka, wai namiji ba ya sauka daga tudu sai an tashi, ɗari da ashirin da huɗu kuma ai ko a fadama kuna yin fiye da haka kafin hantsi. Baba ya ce hoge daban, dutse daban, kuma tsuntsu ba ya mai da martani, in ka gaji kana iya sassautawa. Ya ce shi ƙirgarsu ba ta dame shi ba, wani hannun ɗari biyu ba ta yi masa komai, wani sittin ta gama da shi. Abin da ya tsaya masa a rai shi ne butar shayin nan. Ya ce kafaɗar da take kai Talata ba ta huce ba, ba ta da hurumin jifa ranar Juma'a.

Ga tambayarsa, ya ce ka amsa ta kai tsaye ban da wasa: in ka tayar da kabbara, hannun dama yana kaiwa kunne ko a ƙirji yake tsayawa?

Ni kuma ga tawa maganar. Ranar Laraba ya faɗi a wurin alwala, sai da Malam ya kira maƙwabta aka ɗaga shi. Numfashinsa sama-sama yake, ba ya iya kwanciya sai a jingine. Ni ba likita ba ce, malamar firamare ce, kuma rai a hannun Allah yake. Amma ni nake wanke masa ƙafafun nan kullum, kuma ina gaya maka a fili, ban ga alamar Afrilu a jikinsa ba. Ina jin tsoro, Ɗalhatu. Inna ta rasu kana wurinta, ni ce ba na nan, kuma har yau abin yana ci na. Ba na so ka ɗanɗani irinsa.

Su kira sunanka, mun ji, mun gode. Mu ma nan akwai mai kiran sunan.

Yayarka,
Ruƙayyatu

*

Mansura, Doha
17 ga Fabrairu, 2007

Yaya Ruƙayyatu,

Gaisuwa mai yawa. Ki yi haƙuri da jinkirin amsa, abubuwa ne suka yi yawa. Ina lafiya ƙalau. Allah ya ba Baba sauƙi, kullum yana cikin addu'ata. Na ji faɗanki, kuma kina da gaskiya.

Ga labarin wasa, ki karanta masa. Juma'ar da ta wuce mun ci 'yan rukunin Al-Sadd bakwai da biyu, jifa ɗari da takwas, mutum goma sha ɗaya suka fita ba su taɓa ƙwallo ba. Jiya mun ci 'yan Koriya huɗu da ɗaya, jifa ɗari da goma sha biyar. Yau Asabar aka biya wani wasa da ruwa ya hana a Disamba, shi ma mun ci, jifa casa'in. Mu ne a sama yanzu. Kamfani ya kawo wani sabon injiniya, Luwis, ɗan ƙasar su Mista Ramon, shi ma ya iya wasan.

Saura wasa biyar. Ki ce wa Baba ya ƙara haƙuri, komai yana tafiya daidai. Ki gaishe da Kawu da kowa da kowa.

Ƙanenki,
Ɗalhatu

*

Garin Maje
11 ga Maris, 2007

Ɗalhatu,

Mun ga wasiƙarka, mun yi murna da kake lafiya. Mu ma muna nan, jikin Baba dai yau da daɗi gobe babu.

Kawu Ɗanbaba ya kusa taka rawa. Wasa biyu a kwana biyu, ya ce a gaya wa masu cewa a cire ka su zo su ji. Yanzu da ƙyar ake kai Baba gindin tsamiya, sai majalisar ta dawo zaurenmu, a nan aka karanta.

Baba ya saurara har ƙarshe. Ya yi wasu maganganu, amma ka san jikin tsufa da ciwo, ba duka ake rubutawa ba. Na yi maka faɗa a waccan wasiƙar, wannan karon ba zan yi ba. Tunda abin yana tafiya daidai, ka gama lafiya, ranar da aka tashi wasan ƙarshe ka kama hanya, ko kofin ba sai ka jira an ba ka ba.

Yayarka,
Ruƙayyatu

*

Garin Maje
28 ga Maris, 2007

Ɗan'uwana Ɗalhatu,

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Yaya haƙuri? Malam ya ce ya buga maka waya daga Haɗejia ranar Laraba ya sanar da kai. Allah ya jiƙan Baba, ya sa ya huta. Ranar Talata ya cika, bayan azahar, kansa a cinyar Malam, da kalmar shahada a bakinsa. An yi masa sutura kafin magariba. Mutane sun zo har daga ƙauyukan hayin kogi, wasu ban san su ba, suka ce ya taɓa tsare musu gona.

An yi bakwai jiya, baƙi sun watse, sai yau na samu zama. Akwai abin da na yi maka, kuma in ban faɗa ba ba zan iya haɗa ido da kai ba.

Maganganun da na ce ba duka ake rubutawa ba, ba ruɗin ciwo ba ne. Ranar da aka karanta wasiƙarka, da 'yan majalisa suka fita, ya ce in sake karanta masa mu biyu. Na karanta. Ya ce, "Ina ƙanƙara?" Na ce wace ƙanƙara? Ya ce, "Ina Fatawu, ina butar shayi? Yaron nan tun yana shekara tara bai taɓa yin jifa ya kwana bai yi min ƙorafin kafaɗa ba. Yau ya yi ɗari da goma sha biyar, gobe ya tashi ya yi casa'in, kuma babu ciwo ko na layi ɗaya? Kuma na tambaye shi kabbara bai amsa ba. Ruƙayya, ba shi ya yi jifan nan ba. Hannunsa ya tafi, kunya ce ta hana shi zuwa."

Na ce haba Baba, ga shi a rubuce. Ya ce, "Ke takarda kike karantawa, ni ɗana nake saurare. Gobe ki shiga mota ki je Haɗejia ki buga masa waya. Ki ce na ce ya taho. Ba kofi na aike shi nema ba. Ko babu hannun gaba ɗaya ya taho, akwai gwangwani."

Ban je ba, Ɗalhatu. Na ga wasiƙarka cike da nasara, na tuna yadda ka ce kana jin daɗin kiran sunanka, na ce in na kira ka da wannan magana zan karya maka gwiwa saura wasa kaɗan, a kan zaton tsoho marar lafiya. Na kuma ga kamar ya ɗan samu sauƙi a satin. Da yamma ya tambaye ni, na ce masa na je layi bai shiga ba. Ƙarya na yi wa mahaifina yana kwance, sannan na zauna na rubuta maka waccan guntuwar wasiƙar.

Kwana goma sha ɗaya ya yi bayan nan. Duk motar da ta tsaya a bakin hanya sai ya ce a duba. Ranar Litinin Malam ya sunkuya zai gyara masa matashi, sai Baba ya laluba ya kama kafaɗarsa ta dama, ya riƙe ta ya daɗe. Sannan ya saki ya ce, "Ba ita ba ce."

Ban sani ba ko gaskiyarsa ne a kan hannunka. Ina roƙon Allah ya sa kuskure ya yi, ka zo da kofinka ka ce min tsoho ya yi zato ne kawai. Ko ma yaya ne, saƙo ya ba ni ban isar ba. Ka yafe min in za ka iya.

Yayarka,
Ruƙayyatu

*

Mansura, Doha
21 ga Afrilu, 2007

Yaya Ruƙayyatu,

Yaya haƙurinmu? Allah ya jiƙan Baba, ya haɗa shi da Inna a Aljanna, ya saka miki da alheri a kan jinyar da kika yi ke kaɗai. Ki yi wa Malam godiya, ki yi wa Kawu Ɗanbaba ta'aziyya, na san shi ma maraya ya zama. Ba zan ce miki ina lafiya ƙalau ba, na gaji da rubuta wannan kalmar.

Baba bai yi kuskure ba.

Ranar Juma'a biyu ga Fabrairu, a jifa na tamanin da bakwai, na ji wani abu ya tsinke a cikin kafaɗata kamar an ja tsohuwar igiyar guga. Ƙwallon ko rabin hanya bai kai ba. Wasiƙarki mai tambayar kabbara tana aljihun wandona a lokacin, kuma amsar ita ce tun Disamba hannun a ƙirji yake tsayawa. Likita ya ce jijiya ce ta yage, zan ci abinci da shi, zan yi rubutu, amma jifa kalas.

Mista Ramon bai wulaƙanta ni ba, kada ki zage shi. Shi ya kai ni asibiti, ya yi ta ba ni haƙuri, kuma a satin ya karɓo min takardar fita ya ce in tafi hutuna, ga Luwis zai hau tudu. Yaya, takardar nan tun bakwai ga Fabrairu take cikin akwatina. Ni na ce a'a, sai Afrilu. Na kasa tunanin in shigo zauren nan, Baba ya ɗora hannu ya ji abin da na yi da kafaɗar da ya yi shekara goma sha biyu yana tattali. Na ce bari ta ɗan warke, in zo da kofi, ko ba ni na ci shi ba, in ya taɓa in cije in ce lafiya lau. Sai na karɓi 'yar na'urar ƙirga na zauna a benci. Duk lambobin da na rubuto muku gaskiya ne, ni na danna su da hannun hagu. Na Luwis ne.

Fatawu ya yi min faɗa har ya daina yi min magana kwana uku. Ya ce, "Masa, tsohonka makaho ne, ba wawa ba ne." Ban ji ba.

Don haka ki daina cewa in yafe miki. Ke kwana goma sha ɗaya kika riƙe saƙo, ni kwana arba'in da ɗaya na riƙe takardar fita yana raye. Da na rubuta gaskiya layi ɗaya, da ba ki da abin da za ki auna. Na yafe miki duniya da lahira, ke ma ki yafe min, na bar ki da ɗagawa da kwantarwa ina nan ina danna carbin ƙarya. Wanda ya kamata mu roƙa ya tafi, sai dai mu bi shi da addu'a. Maganar kafaɗar Malam da kika rubuto, na karanta ta sau ɗaya, ban iya komawa ba.

Sun ci kofin. An yi hoto, an sa ni a gefe. Shekaranjiya aka liƙa sunayen kaka mai zuwa, Luwis ne a layi na farko, kuma har an fara musu a kansa, wasu na cewa an cika masa aiki. Na same shi na ce ya riƙa sa wani yana taɓa masa kafaɗa duk yamma, in da zafi ya huta. Ya yi dariya ya ce shi ƙarfe ne. Ni ma an mai da ni get ɗin rana, masu wucewa sun koma ɗaga yatsa ɗaya.

Na ajiye aikin. Jirgina zai sauka Kano ranar biyar ga Mayu, in Allah ya yarda washegari ina gida. Ki ce wa Malam ya raka ni maƙabarta kafin in shiga ko'ina. Kawu kuma ki bar ni da shi, ni zan gaya masa da bakina, a gindin tsamiya, a gaban waɗanda aka karanta wa ƙaryar.

Na lissafa, lokacin shinkafar rani ta fara nuna, janbaki sun sauka a fadama. Kada ku ɗauki ɗan haya a gonar Baba. Ki duba bayan rumbu, inda yake rataye kayansa, in tsohon gwangwanin nan yana nan ki ajiye min shi. Kafaɗar da zafi, Yaya, kuma na san doka.

Ƙanenki,
Ɗalhatu